Hurumi da Burtali a Tsarin Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, garuruwan ƙasar Hausa suna da tsarin keɓe filayen da ba a yarda kowa ya noma ba, kuma masu unguwanni da dagatai ne ke tsaron iyakokinsu a madadin sarki. Hurumi shi ne filin da ake bari a gefen gari domin kiwo da itace da amfanin jama'a baki ɗaya, burtali kuwa hanya ce mai faɗi da ke ratsa gonaki, wadda akan shinge ta da aguwa, domin shanu su wuce daga makiyaya zuwa mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba. Ko da yake saboda dabbobin gida aka tsara shi, burtali ya haɗa wani daji da wani, ta yadda gada da zomo da zabin daji suka samu hanyar zirga-zirga da wurin fakewa.

Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar makiyaya a 1965, amma kaɗan ne daga filayen kiwon aka tabbatar a hukumance. Bayan Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta mayar da ikon rabon filayen karkara hannun ƙananan hukumomi, burtaloli da dama sun ƙuntata har sun toshe, yayin da gonaki da gine-gine suka cinye su. A Nijar kuwa, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ke shata hanyoyin dabbobi da turakun siminti bayan manoma da makiyaya sun amince da iyaka.