Jirgin ƙasa zai tsaya a Daura: me za mu faɗa wa baƙi?

Yau Daura muka nufa.

Turawa sun kawo layin dogo Kano a 1911, daga baya suka miƙa shi Ƙauran Namoda da Nguru saboda kwasar gyaɗa da auduga. Daura ba ta cikin lissafinsu. Sai a Fabrairun 2021 marigayi Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Idan aka kammala, ɗalibi zai iya tasowa daga Kano da safe, ya sha ruwan rijiyar Kusugu, ya kwana a gidansu.

To amma me za mu faɗa masa? Labarin Bayajidda da Daurama da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, wannan tun firamare muka haddace. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bayan jihadi. Malam Ishaku ya karɓi garin, Sarkin Gwari Abdu ya fice, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure wajen shekara ɗari ba su haƙura da gadonsu ba, har Turawa suka dawo da Malam Musa kan sarauta a 1906. Ni dai wallahi wannan ɓangaren ya fi kama ni.

Matasan Daura da muka karanta tarihi, aikinmu ne wannan. Baƙon da ya sauka a tasha, in ya gama da Kusugu da fada, a kai shi Zango ma.