Gwajin Sinadarin Kurkum a Kan Ɓeraye Masu Ciwon Damuwa

Curcumin shi ne sinadarin da ke ba kurkum, wato gangamau, launinsa na rawaya, kuma yana cikin sinadaran tsirrai da aka fi gwadawa a kan ɓeraye wajen neman maganin ciwon damuwa.

Galibi ana bin hanyar da Paul Willner da abokan aikinsa a Birtaniya suka wallafa a 1987. Makonni ake ɗauka ana takura wa ɓera ba tare da ya san abin da zai biyo baya ba: yau a karkata kejinsa, gobe a jiƙa shimfiɗarsa, jibi a bar masa fitila a kunne har gari ya waye. Sannu a hankali sai ya rage sha'awar ruwan sukari, wanda a da yake rububinsa. Wannan ce alamar da ake aunawa.

A gwaje-gwaje da dama, ɓerayen da aka ba curcumin sun koma shan ruwan sukarin, sinadarin corticosterone da takura ke ɗagawa ya sauka a jininsu, furotin BDNF mai raya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya ƙaru.

Sakamakon abin ƙarfafa gwiwa ne, amma ɓera ba mutum ba ne, kuma kaɗan ne daga curcumin ke ratsa hanji ya shiga jini. Mai fama da damuwa ya nemi likita tukuna.