Mendel da Asirin Gado

Tun zamanin da mutane sun san ɗa ya kan ɗauko kamannin iyayensa, haka kuma dabba da tsiro. Amma yawancin masana suna tsammani halin uwa da na uba garwayuwa su ke yi a jikin ɗa, kamar yadda a ke dama fura da nono, ba mai iya sake raba su. Mutumin da ya warware wannan zato shi ne Gregor Mendel.

An haifi Mendel cikin 1822 a wani ƙauye na daular Ostiriya, ubansa manomi ne. Rashin abin hannu ya matsa masa wajen karatu, saboda haka cikin 1843 ya shiga wani gidan ibada na Kirista a birnin Brno, wanda ya ke cikin ƙasar Cek yanzu. Daga can aka aika da shi jami'ar Biyana, ya koyo lissafi da ilmin halittu.

Daga 1856 har 1863 ya duƙufa a lambun gidan nan, yana gwaji da wani irin wake na ƙasarsu. Akwai mai dogon kara, akwai gajere. Sai ya riƙa ɗibar ƙurar furen dogon yana sa wa furen gajeren, watau ya yi musu barbara da hannu. Da ya shuka 'ya'yan, duka suka fito dogaye, ko matsakaici ɗaya babu. Ya bar waɗannan suka yi barbara da kansu, ya shuka jikokin. Ga mamaki, sai gajarta ta komo! Ya ƙidaya tsiro 1,064, ya sami dogaye 787, gajeru 277, watau kusan ɗaya cikin huɗu gajere ne. Ya gwada halaye bakwai, har da launin ƙwaya da na fure, lissafin bai sake ba.

Daga nan ya gane cewa ko wane hali yana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma ba su narkewa cikin juna. Wata tana da rinjaye, wata kuwa ɓuya ta ke yi. Mai ɓuyan nan ba ta bayyana sai ta gamu da 'yar'uwarta a jiki ɗaya.

Cikin 1865 ya karanta bincikensa gaban taron masana na Brno, aka buga shi cikin 1866, amma ba a kula ba. Cikin 1868 aka naɗa shi shugaban gidan ibadar, hidima ta yi masa yawa. Ya mutu cikin 1884, duniya ba ta san darajarsa ba. Sai a 1900 waɗansu masana uku, Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak, suka tono aikinsa, sunansa ya ɗaukaka.

Wannan ilmi bai tsaya ga wake ba. Cikin 1949 wani likita a Amurka, James Neel, ya nuna ciwon amosanin jini, wanda a ke kira sikila, ta wannan hanya a ke gadonsa. Mutum ya kan ɗauki ƙwayar ciwon guda ɗaya a ɓoye, yana nan lafiyarsa lau. Shi ne likitoci ke rubuta wa AS. In irin waɗannan biyu suka yi aure, ko wane ciki da matar ta ɗauka, rabo ɗaya cikin huɗu ne a haifi mai ciwon, watau SS. Ba a ce lalle ɗa ɗaya cikin huɗu ba, gama ko wane ciki da nasa rabo.

Ciwon nan yana da yawa a ƙasar Hausa, sau da yawa kuma a kan ɗora wa uwa laifi, har aure ya mutu. Wannan zalunci ne, domin yaro ba ya samunsa sai uba ya ba da tasa ƙwayar, uwa ta ba da tata. Saboda haka ya kamata saurayi da budurwa su je asibiti a auna jininsu tun ba a kai sadaki ba.