Tafiya da ƙananan yara a kwalekwale da kwana a bakin ruwa

A ƙasashen Turai da Amurka, iyalai kan shiga ƙaramin jirgin ruwa da ake kira kayak, su yi kwanaki suna tuƙi suna kwana a tanti domin shaƙatawa. A ƙasarmu larura ce ke sa uwa ta shiga kwalekwale da goyo: biki, kasuwa, ko cin rani. Dakoro, a arewacin jahar Maraɗi, ba ta da kogi mai gudana duk shekara. Kwarin Tarka busasshe ne, sai tafkunan damina. Saboda haka yaron Dakoro bai san ruwa mai zurfi ba, sau da yawa iyayensa ma haka. Ranar da tafiya ta kai su tafkin Madarumfa, ko kogin Kwara a Gaya ko Yawuri, baƙi ne a wurin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A watan Nuwamba na wannan shekarar, jirgi ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Abu na farko shi ne lodi. Idan bakin jirgi ya kusa taɓa ruwa, a haƙura a jira wani, ko da an biya kuɗi. Kada a tashi da almuru, ko lokacin da hadari ya haɗo.

Batun goyo yana buƙatar tsayawa. Uwa tana ganin bayanta ne wuri mafi aminci, kuma a kan tudu gaskiyarta. Amma a cikin ruwa, idan jirgi ya kife, kan jariri yana iya nutsewa ba ta gani ba, zane kuma ya jiƙe ya ƙi kwancewa. Ya fi kyau ta sauke shi ta riƙe a cinya. Kowane yaro a ba shi babba guda, a faɗi sunansa kafin a tashi, domin inda kowa ke lura, babu mai lura. Yara su zauna ƙasa a tsakiyar jirgi. Idan akwai rigar ruwa, a nemi daidai jikin yaro. Ta manya takan zame masa ta ka.

Idan dare ya yi, a yi zango a kan tudu, nesa da gaɓa, don ruwa yana iya ƙaruwa ana barci. A tambayi masunta ko Sarkin Ruwa inda dorina ke fitowa kiwo. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, kuma ba a jin kukansa. A kwantar da yara cikin gidan sauro.

Ruwan sha a tafasa shi. A hana yara wanka a ruwa mai kwanciya, don nan ake ɗaukar tsargiya, wadda alamarta fitsarin jini ne. Yaron da ya yi zazzaɓi bayan an koma gida, a kai shi likita ranar nan, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya inda aka kwana.