Tarihin cimar mai ciwon suga: daga birnin Paris zuwa kasuwar Gazawa

Kwanan nan wani saƙo ke ta yawo cikin wayoyi: wai mai ciwon suga ya bar tuwo da hura kwata-kwata, ya koma nama da ƙwai, shi kenan ya warke. Wasu sun ɗauka sabon ilimi ne. To, maganar nan ta girmi kakanninmu, kuma tarihinta na da darasi.

A 1797 wani likitan sojan Ingila mai suna John Rollo ya rubuta yadda ya ɗora wani hafsa mai ciwon suga bisa nama da kitse, ya rage mishi burodi da kayan zaƙi, sai sukarin da ke fita cikin fitsarinsa ya ragu. A 1870 kuma, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya abinci ya yi wuya, wani masanin magunguna, Apollinaire Bouchardat, ya lura cewa wasu majinyatansa sun samu sauƙi saboda cin ya ragu. Daga baya a Amurka likita Frederick Allen ya kai abin ƙarshe: yana tsare marasa lafiya da abinci ɗan kaɗan, kusan yunwa. Wasu sun ƙara kwana, wasu ramewar ce ta gama da su.

Mi ya sa likitoci suka yi haka? Don babu magani. Sai a 1921 Banting da Best suka yi aikin da ya kai ga samun insulin a Toronto ta Kanada, kuma a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar, ya farfaɗo. Ke nan tsarin nama da kitse dabara ce ta zamanin da ba a da allura. Ya sake tashe a 1972 da littafin likita Robert Atkins na rage ƙiba, yau ga shi ya iso mu ta WhatsApp.

Mu kuma namu tarihin daban ne. Kakanninmu hatsi suka ci: hura da nono da rana, tuwo da miyar kuka da dare. Amma sun yini suna noma da hauya, mata na daka da jan ruwa daga rijiya mai zurfi, jiki na ƙone abin da ya ci. Zamanin Faransa gujiya ce arzikin ƙasar Maraɗi, har farin 1973 da 1974 ya karya ta, wake da aya suka karɓi wurinta a gonaki da yawa. Yunwar 1984 da ake kira El Buhari da matsalar abinci ta 2005 sun koya muna ɗaukar ƙoshi bakin lafiya. A hankali shinkafar waje, makaroni da burodi suka shiga tukunya, shayi mai sukari ya zama abokin hira, babur da injin niƙa suka ɗauke wahala. Wahalar ta ragu, alhamdu lillahi, amma kwanon bai ragu ba, zaƙi ma ya ƙaru.

To ina mafita? Magidancin da ke auna tiya kullum ba ya iya nama safe da yamma, kuma gida guda tukunya guda ce. Sai dai abin da saƙon wayar ke nema a wurin mahauci, da yawansa na cikin rumbunmu. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Wake na gina jiki, kuma ba ya tada suga da sauri kamar farar shinkafa, ko da yake shi ma ana auna shi. Ga gujiya da ƙuli-ƙuli, ga awara, ga nono marar sukari, ga kwaɗon zogale da yaɗiya. A rage malmalar tuwo, a yawaita miya da ganye. Hurar ma a dama kaɗan, kada a zuba sukari.

Amma a ji da kyau. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, in ya yanke tuwo rana ɗaya bai gaya wa likita ba, suga na iya faɗuwa ƙasa: gumi, makyarkyata, har suma. Wanda ciwon ya taɓa wa ƙoda, yawan nama na iya ƙara mata nauyi. Yaron da ke kan allura kuwa, babu abincin da ke maye gurbinta. Kafin a canza kwano, a je CSI ko asibitin gunduma a auna jini, a yi shawara.

Kowace 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, duniya na tunawa da wannan ciwo. Kada mu jira ranar. Wanda ya karanta ya gaya wa tsohuwar da ba ta da waya, ya gaya wa mai girkin gidan, don ita ke riƙe da ludayi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.