Tsofaffin 'Yan Kwalejin Katsina Da Zumuncinsu

A zamanin da, mutumin Sakkwato yakan yi rayuwarsa duka bai taɓa zama wuri ɗaya da mutumin Barno ko na Adamawa ba, sai fa fatake da almajirai masu yawon neman ilmi. Bayan zuwan Turawa ma kowace En'e harkar gabanta take yi. Cikin abubuwan da suka rage wannan nisa har da wata makaranta, watau Kwalejin Katsina.

An kafa ta a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, don a horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Daga kowane lardi akan zaɓo yara kaɗan masu hazaƙa, su zo su shekara biyar tare, ci ɗaya, wasa ɗaya, malami ɗaya. Kowane yaro akan ba shi lamba ran da ya shiga, ita ce tasa har abada. Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, shi ne na 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci shi ne na 145. Abubakar Imam daga Kagara ya yi zamani da su.

To, in an gama karatu sai a watse, kowa ya koma lardinsa, wani malamin Midil, wani akawu. Da an bar abin haka, da zumunci ya mutu, gama ba a bakin komi wasiƙa take ba in an gwada ta da ganin ido. Saboda haka a 1939, bayan an mai da makarantar Kaduna da shekara guda, tsofaffin ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu. A wurin taro ba gaisuwa da tuna baya kaɗai ake yi ba. Kowa yakan faɗi halin da garinsu ke ciki, sai suka ga ashe ciwon ɗaya ne, watau ƙarancin makarantu da rashin jin muryar masu ilmin zamani. Ƙungiyar ta yi sanyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma sanayya ba ta yanke ba. A shekarar nan ta 1939 kuwa aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam na edita, suka sami inda za su riƙa jin ra'ayin juna.

Da aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, da yawa cikin waɗanda suka hallara sun riga sun san juna tun suna yara. Wannan ya sauƙaƙa shawara ƙwarai, don wanda kuka ci tuwo akushi ɗaya ba ka bukatar mai gabatar da shi. Ba a ce ra'ayinsu ya zo ɗaya ba. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Kaduna, ya bi hanyar NEPU, Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka riƙe NPC. Amma dai makaranta guda ta yaye su.

Makarantar ta koma Zariya a 1949, aka sa mata suna Barewa a 1971. Ta fid da mutum biyar da suka shugabanci Nijeriya: Tafawa Ɓalewa, da Yakubu Gowon, da Murtala Muhammed, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta kuwa ta farfaɗo, ta ci gaba da taronta.

Mai karatu, kada ka ce wannan sai manya. Ko makarantar allo kuka yi tare, ko ajin manya a ƙofar gidan dagaci, abokin karatu ɗan'uwa ne. Ku sa rana guda a shekara, ko da bayan Salla ce, ku taru, ku gai da malaminku in yana da rai, ku duba wanda ya gaza cikinku. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.