Hisbar Kano: Daga aikin sa-kai zuwa hukumar gwamnati

Mai karatu, da za ka tare matashin ɗan fim ko marubuci a Kano ka tambaye shi su wane ne 'yan Hisba, amsar da zai ba ka ba za ta wuce cewa ma'aikatan gwamnati ne masu korayen kaya ba. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai ya tsinci labarin ne daga tsakiya. Mutanen da su ka fara wannan aiki ba su da albashi, ba su da ofis, kuma babu wata doka da ta san da zaman su. 'Yan sa-kai ne zalla. Yadda aka yi ɗan sa-kai ya koma ma'aikaci, da abin da hakan ya jawo wa harkar fim da rubutu, shi ne abin da na ke so mu duba a wannan watan.

Kalmar ba sabuwa ba ce. A littattafan fiƙihu, muhtasibi shi ne jami'in da shugaba ke naɗawa ya kula da mudu da sikeli a kasuwa, ya hana algus, ya yi horo da kyakkyawa ya hana mummuna. Lura da kyau: naɗa shi ake yi. A ƙasar Hausa kuwa sarakuna na da dogarai, sa'annan zamanin Turawa aka samu 'yan doka na En'e. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Gowon ta narkar da 'yan dokan cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, kuma sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba wata rundunar 'yan sanda a ƙasar nan sai wannan guda ɗaya. Riƙe wannan sashen a ran ka, don za mu dawo kan sa.

Ran 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmed Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau. Kano ta biyo baya a watan Yuni na 2000, bayan matsin lamba mai tsanani daga malamai da jama'ar gari a kan gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso. To amma wa zai tabbatar da dokar? Ɗan sanda na Abuja ne, daga can ya ke karɓar umarni, wani ma daga Kudu aka turo shi, bai ga abin da ya haɗa shi da mai sayar da giya ba. Wannan giɓin ne matasa su ka cike. Ɗaliban Islamiyya, 'yan agajin ƙungiyoyin addini, teloli, 'yan kasuwa, kowa ya tashi daga sana'ar sa da yamma ya fita aikin Allah. Da yawan su ma ba su yarda gwamnatin da gaske ta ke yi ba, saboda haka aka wayi gari da Hisba iri biyu, ta gwamnati da mai zaman kan ta.

Ni a gani na, duk mai son ya fahimci Hisba sai ya yi wa wannan zamanin adalci ta fuska biyu. Mutumin da zai bar shagon sa ya kwana a titi ba don ko sisi ba, ai ba ka ce masa maci amana ba. Amma kuma mutumin da ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba wanda zai iya korar sa. In ya doki wani bisa kuskure, wa za a kai wa ƙara? Ba shi da lamba, ba shi da oga a rubuce. A watan Afrilu na 2001 aka kai wani samame manyan otal-otal na Kano aka farfasa kwalaben giya, kuma mataimakin gwamna na lokacin, Dakta Abdullahi Umar Ganduje, shi ne a gaba. Wato gwamnati ta ga in ba ta shiga gaban jirgin ba, zai tafi ya bar ta.

'Yan fim tuni sun riga sun ɗanɗana. A Disamba 2000 gwamnati ta dakatar da harkar fim a jihar, sai da aka kafa Hukumar Tace Finafinai a farkon 2001 sa'annan aka koma lokeshin.

Malam Ibrahim Shekarau ya ci zaɓen 2003 da alƙawarin yin shari'a da gaske, kuma a shekarar ce aka yi dokar da ta kafa Hukumar Hisba. Aka ɗauki dakaru kimanin 9,000 a ƙananan hukumomi 44, aka ba su kaki da alawus. Dokar ta ce aikin su taimaka wa 'yan sanda ne, ba su riƙe bindiga, kuma wanda su ka samu da laifi su miƙa shi ga hukuma. A takarda, ɗan Hisba mataimaki ne. A titi kuwa, da aka hana mata hawa acaɓa a 2005 aka kawo babura masu ƙafa uku (waɗanda har yau mu ke kira A Daidaita Sahu), 'yan Hisba ne ke tare hanya, har aka yi ta ba-ta-kashi tsakanin su da 'yan acaɓa a watan Disamba.

Nan sashe na 214 ya dawo. A Fabrairu 2006 gwamnatin Obasanjo ta haramta Hisbar Kano. Ministan yaɗa labarai Frank Nweke ya yi zargin wai ana neman taimakon ƙasashen waje don horar da mayaƙa, zargin da Kano ta ƙaryata. Aka kama kwamandan Hisba, Sheikh Yahaya Faruk Cheɗi, da mataimakin sa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, aka tsare su a Abuja na tsawon watanni. Kano ta garzaya Kotun Ƙoli. A Maris 2007 kotun ta kori ƙarar, ta ce ba ta da hurumi, don rigimar tsakanin Kano da Sufeto-Janar na 'yan sanda ce, ba tsakanin jiha da tarayya ba. Ka ga ke nan ainihin tambayar, wato ko jiha na da ikon kafa irin wannan runduna, ba a amsa ta a ranar ba. Hisba ta ci gaba da aikin ta.

Sunan Rabo ba baƙo ba ne a shafukan nan. Bayan badaƙalar bidiyon Hiyana a Agusta 2007, shi aka ɗauko daga Hisba aka ba shugabancin Hukumar Tace Finafinai. Aka hana shutin na wata shida. Adam A. Zango ya samu ɗaurin wata uku a kan kaset ɗin 'Bahaushiya'. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya shiga gidan yari a 2008. A ƙarshen Disamba na shekarar kotun tafi-da-gidan-ka ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a kan fim ɗin 'Tsintsiya', sai a Maris 2009 babbar kotu ta soke shari'ar. Marubuta ma aka ce kowa ya zo ya yi rajista, su ka ce ba su san zancen ba.

Amma a nan ina so mu yi hattara, don 'yan industiri sun saba haɗa kowa a tukunya ɗaya. Waɗancan ɗaurin aikin hukumar tace finafinai ne da kotun ta. Ƙona littattafan soyayya da aka yi a 2007 kuwa a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu aka yi shi. Hukumomi uku ne daban, ko da ya ke a ƙarƙashin gwamnati ɗaya su ke, kuma ra'ayin su a kan fim da littafi bai sha bamban ba. Ɗan Hisbar da ke tsaye a bakin masallacin Juma'a ya na ba motoci hannu, ba shi ya sa hannu a takardar ɗaure kowa ba.

Kuma gaskiya, yawancin aikin Hisba ba ya shiga jarida, balle fim. Je ka ofishin su na unguwa da safe ka ga layi: matar da miji ya gudu ya bar ta da 'ya'ya, 'yan'uwan da ke rigimar gado, mai bin bashi, yaron da ya ɓata a kasuwa. Talaka ya fi son zuwa can don ba lauya, ba kuɗin shigar da ƙara, kuma da Hausa za a yi magana. Da Kwankwaso ya dawo a 2011 ya naɗa Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa, aka fara auren zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, wanda a 2023 ya kai 1,800. A hannun wannan Hisbar dai aka murƙushe kwalaben giya 240,000 a Nuwamba 2013. Abin mamaki, duk yawan finafinan mu a kan aure da saki, da wuya ka ga darakta ya zaunar da kyamara a ɗakin sulhu na Hisba, alhali labarin da ke can ya fi wanda ake kwafowa daga Indiya.

Abin da ɗan sa-kai ya samu da ya shiga kaki shi ne kariyar doka da ɗan abin sawa a aljihu. Abin da ya rasa kuma shi ne 'yancin sa. Duk gwamnan da ya zo shi ke naɗa kwamanda. Ran 1 ga Maris, 2024, Daurawa ya ajiye muƙamin sa bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki yadda dakaru ke kama mata a samame. Cikin 'yan kwanaki malamai su ka shiga tsakani ya koma ofis.

A ƙarshen 2025 kuma sai ga maganar Hisba mai zaman kan ta ta sake tasowa, daga ɓangaren tsohon gwamna Ganduje, wanda ya jagoranci samamen 2001. Aka ce 'yan sa-kai za a tara, fi sabilillahi. A watan Disamba gwamnatin jiha ta fitar da umarnin haramta ta, ta ce doka Hisba ɗaya ta sani a Kano, wato kusan irin maganar da Abuja ta faɗa wa Kano a 2006.